Waisale da Hoton Ƙarƙashin Ruwa

A ƙauyen Nasaudro, in kana so ka ci abincinka da zafinsa, kada ka kuskura ka ambaci ruwa a gaban Waisale. Ko cewa ka yi a miƙo maka na sha, to ka tono wa kanka. Zai gyara zama, ya shafa tumbi, ya ɗauko labarin zamansa a wani otal na bakin teku can wajen Nadi, inda wai shi ne shugaban masu nutso. Shi ya koya wa Turawa shiga ƙasan teku, shi yake ɗaukarsu hoto a can. Akwai ma ranar da wani ƙaton kifin shak ya zo ya tsaya a gabansa, ya washe haƙora, bai tafi ba sai da aka ɗauke shi kala biyu.

"Sati uku fa ka yi a otal ɗin nan, tavale," in ji Akanisi, 'yar kawunsa, wadda suke wasan taubasai, wato tavale a yarensu, tun suna yara, kuma ba ta taɓa raga masa ba.

"Sati ukun can ya fi shekara ukun nan."

"Mu dai ba mu taɓa ganin ruwan kogi ya wuce gwiwarka ba."

"Wanda ya saba da teku? Ai tausayin kogin naku nake ji. In na shiga da gaske sai ya ji kunya ya ƙafe."

Ana nan sai babban labari ya faɗo garin: Momo Ilisoni, mahaifin Akanisi, ya yarda a yi masa baftisma. Shekarunsa saba'in da takwas. Ba wai tsohon ba ya son coci ba ne, kowace Lahadi yana kujerar gaba, muryarsa ta fi ta kowa. Matsalar ita ce cocinsu ba ya yayyafi, tsoma mutum ake yi a kogi har kai. Shi kuwa tun yana ɗan shekara ashirin, ranar da ambaliya ta kifar da ɗaurin gorar da yake hawa kamar kwalekwale ya kai ayaba kasuwa, ruwa ya ja shi ya wuce ƙauyuka biyu yana rungume da nonon ayaba, bai ƙara sa kansa cikin ruwa ba. Da bokiti yake wanka a bayan ɗaki, shi ma a karkace. Matarsa, Nei Merewalesi, shekara hamsin da ɗaya tana roƙonsa, har ta ga fastoci shida sun zo sun tafi. Bana da ya yi wata jinya ya tashi, sai ya kira fastonsu, Talatala Inoke, ya ce ya amince, amma da sharaɗi.

"Sau ɗaya zan shiga. In na ga wani abin da ban gane ba, na juya gida, kuma kada wanda ya sake yi min maganar har a binne ni."

Da labari ya kai wa babbar 'yarsa Salanieta, mai aikin jinya can ƙetare a Brisbane, sai ta ce ita ba ta yarda ba sai ta gani. Ba a ba ta hutu ba, don haka ta aiko da wata 'yar kyamara ruwan ɗorawa wadda ruwa ba ya shigarta, da saƙo: ba hoton bakin kogi take so ba, fuskar babanta take so ta gani a ƙarƙashin ruwa.

Da yamma aka buɗe kwalin a tsakar gida, maza na zaune kewaye da ƙwaryar yangona, abin shansu na gargajiya. Kafin Akanisi ta gama karanta takardar da ke ciki, Waisale ya yi wuf ya ɗauke kyamarar.

"Kash! Ƙaramar ce. Wadda na saba da ita sai mutum biyu sun tallafa. Amma ba komai, zan lallaɓa."

"Ka juya ta, a kife ka riƙe," in ji Akanisi.

"A ƙasan ruwa komai a kife yake. Ke ina kika sani?"

Nei Merewalesi ta dube shi da idanun da suka ciko. "Ɗana, za ka iya? Abin nan ba a maimaita shi."

Waisale ya bugi ƙirji. "Nei, hoton da zan ɗauka, in Salanieta ta buɗe shi a Brisbane sai ta sa tsumma ta goge ruwa a tebur."

Kwana uku suka rage a yi baftismar. Washegari da hantsi ya ce zai gwada kyamarar, amma ba a kogi ba, don kada 'yan sa-ido su saci fasaha. Ya zagaya bayan kicin ɗin Nei, inda babban duron da take tara ruwan sama na sha yake. Ya taka wani kututture, ya ja numfashi, ya zura kai da hannuwa ciki. Kututturen ya mirgine. Waisale ya tafi tsundum har ƙugu, tumbinsa ya toshe bakin duro kamar an auna.

Akanisi na kankarar kwakwa a kicin ta ji wani irin ƙugi kamar saniya ta faɗa rijiya. Ta leƙo ta ga ƙafafu biyu a sama suna tuƙa keken da babu shi. Ta sa kafaɗa ta ture duron. Ruwan shan sati guda ya malale cikin gwazar Nei, Waisale ya zamo waje yana tari kamar zai amayar da hanjinsa.

"Yaya teku?" in ji ta.

"Wa ya ce ki taɓa ni? Saura ƙiris in gama lissafin haske!"

"Me ka ɗauka?"

Ya duba. Hoto ɗaya ne, baƙi ƙirin.

"Wannan shi ne ƙasan duro," ya ce. "Kuma haka yake. Kyamarar ba ta ƙarya."

Ranar, shi ya yi ta jigilar bokiti daga famfon makaranta har sawu goma sha huɗu. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce motsa jiki yake yi irin na masu nutso.

Rana ta biyu dole ta sa ya sauka kogi. Ya zaɓi tsakar rana yana zaton ba kowa, ya tarar da mata goma sha wani abu suna wanki a kan duwatsu. Ya fito da kayan aikinsa daga jaka: tsohon tabarau na masu harbin kifi, da takalmin iyo irin mai kama da ƙafar agwagwa, ƙwaya ɗaya tak.

"Ina ɗayan?" wata ta tambaya.

"Biyu na 'yan koyo ne."

Ya lallaɓa ya shiga wurin da ake baftisma, inda ruwa ke tsayawa a ƙirji, garai-garai har kana ƙirga tsakuwa. Ya toshe hanci ya durƙusa. Ruwa ya ƙi karɓarsa. Ya sake dannawa, ƙafafunsa suka tashi, ya juye rigingine, tumbinsa ya taso sama kamar busasshiyar kwakwa. Da ya buga takalmin nan guda ɗaya, sai ya fara zagaye a wuri ɗaya. Ya zagaya sau bakwai. Mata suka ajiye wanki suna ƙirga masa da tafi.

"Tavale!" Akanisi ta ƙwala daga kan dutse. "In ka iso Brisbane ka gaida Salanieta!"

Ya samu ya dafa ƙasa ya miƙe, yana haki.

"Na gano matsalar. Ruwanku ba gishiri. Ruwan da ba gishiri ba ya gane ƙwararre."

Amma da ya koma gida ya zauna ya yi tunani irin nasa. Abu biyu ne suka hana shi: jiki ya ƙi nutsewa, numfashi ya ƙi daɗewa. Na farko mai sauƙi ne. Ya samo buhun fulawa, ya cika shi rabi da duwatsun kogi, ya ɗaure a igiyar gajeren wandonsa. Na biyu kuwa, ya tuna da dogon tiyon da ke yashe a bayan ɗakin Momo tun bara. Zai ɗaure baki ɗaya a jikin gora a gaɓa, ɗayan ya rataya a wuya ya sa a baki. Ya zauna a ƙasan kogi kamar sarki, ya sha iskarsa.

Rana ta uku ya tara mutane a tsakar gida don ya nuna musu. Ya sa tiyo a baki ya zuƙa da ƙarfi. Ashe tururuwa sun shekara suna zaune a ciki da 'ya'yansu da kayan abincinsu. Waisale ya yi tsalle, ya tofar, ya kama harshe da hannu biyu yana rawar da ba a taɓa gani ba a Nasaudro. Momo Ilisoni na zaune a inuwa yana kallo.

"Waisale."

"Na'am, Momo." Harshen ya riga ya fara kumbura.

"Gobe kana ina lokacin da za a tsoma ni?"

"Ina ƙasa kusa da ƙafarka, Momo. Ba za ka ma san ina nan ba."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji tsohon.

Ranar Lahadi gari ya waye tas. Tun da safe aka rufe ramin gashi da kaji da kifi da gwaza, mutanen ƙauyuka uku suka cika gaɓar kogi, mawaƙa sanye da farare suka jeru a kan tudu. Mutum bakwai za a yi wa baftisma, Momo ne na ƙarshe. Talatala Inoke, ƙaton mutum wanda a samartakarsa ya buga wa lardinsu ƙwallon zari-ruga, ya cire tabaransa ya miƙa wa wani dattijon coci, don ya taɓa rasa ɗaya a kogin. In ba tabarau, ba ya bambance mutum da kututture sai ya taɓa.

Nei Merewalesi ta ja shi gefe, Waisale na kusa yana ɗaure tiyo, yana ji.

"Talatala, in ya yi gardama a minti na ƙarshe, don Allah kada ka sake shi. Ka riƙe shi da kyau. Zai gode maka daga baya."

"Ki kwantar da hankalinki, Nei. Ban taɓa kama mutum ya kuɓuce ba."

Sai ga Waisale ya keto taro, tabarau a goshi, ƙafar agwagwa ɗaya tana faf-faf, buhun duwatsu na jan wandonsa yana riƙe da shi da hannu ɗaya. Ya ɗaga kyamara ya gaida jama'a kamar ɗan takara. Ya shiga ruwa, ya sa tiyo a baki, ya zauna. Wannan karon ya nutse. Jama'a har da 'yar sowa.

A ƙasa kuwa Waisale ya ga duniya sabuwa. Ga ƙafafun Talatala kamar ginshiƙai, ga 'yan kifaye na wucewa. Iskar tiyon dai da ƙyar take zuwa, tana warin roba, amma tana zuwa. Daɗi ya kama shi. Ya ce bari ya matsa ya sami wuri mai kyau. Ya ja gindi, ya ja buhu, ya buga ƙafar agwagwa. Laka ta tashi. Ya koma ɗaya gefen don ya guje mata, wata ta tashi. Kafin a gama da mutum na biyu, ruwan da ake ƙirga tsakuwa a cikinsa ya koma kamar shayi da madara. Yarinyar da ta shiga ta uku da farar riga ta fito da ruwan ƙasa, uwarta na sababi a gaɓa.

Talatala ya laluba da ƙafa ya taɓo shi, ya kamo shi ta wuya ya ɗago.

"Waisale, wanke mutane muka zo yi ko rini?"

"Ranka ya daɗe, haka manyan hotuna suke, da ɗan hazo-hazo."

"Ka zauna wuri ɗaya. In ka ƙara motsi, kai da kyamarar zan jefa kan tudu."

Ya mai da shi ƙasa kamar yadda ake mai da wanki. Waisale ya zauna cak. A hankali laka ta kwanta, ruwa ya fara washewa. Aka yi na huɗu, na biyar, na shida, yana ta danna maɓalli.

Sai waƙa ta tsaya, wuri ya yi tsit. Momo Ilisoni ya taho cikin farar riga, Nei na riƙe da hannunsa har bakin ruwa. Ya sa ƙafa ɗaya ya tsaya. Ya sa ta biyu. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ya isa gaban Talatala ya tsaya ƙiƙam, ya ƙi kallon ƙasa.

Talatala ya ga rana ce babba, addu'ar yau ba ta gajarta ba. Ya rufe ido, ya ɗaga hannu sama, ya gyara tsayuwa. Da ya gyara tsayuwar nan, sai ƙafarsa ta dama ta sauka daidai kan tiyo.

Waisale ya zuƙa, ba komai. Ya sake zuƙa, kumatunsa suka lotsa. Ya ja tiyon, kamar an dasa shi. Ya bugi ƙafar Talatala da kyamara, Talatala ya ɗauka kifi ne, ya ci gaba da ambaton shekaru hamsin da ɗaya na haƙurin Nei, ɗaya bayan ɗaya. Waisale ya yunƙura zai tashi, buhu ya ce ba inda za ka. Ido ya raina fata. Ya kama igiyar wando ya fizge da iyakar ƙarfinsa. Igiya ta kwance, buhu ya zauna a ƙasa, wando ya zauna tare da shi.

Momo dai ya ga kumfa na tasowa a gabansa kamar tukunya na tafasa, ya ja da baya taku biyu. A daidai gurbin da ya bari Waisale ya ɓullo, baki buɗe, yana jan iska da wata ƙara kamar jaki.

Talatala, ido a rufe, ya ji numfashin tsoro a gabansa. Ya tuna amanar Nei.

"Kada ka ji tsoro, baba, ina riƙe da kai."

Hannu ɗaya ya cafki ƙeya, ɗayan ya danna hankici a hanci da baki.

"Tala... mmf!"

"Na sani, na sani. Yanzu za a gama."

Ya faɗi kalmomin da ake faɗa, ya kwantar da shi ta baya, tsundum. Waisale ya yi ta harbin ruwa da ƙafar agwagwa. Talatala ya ƙara matsewa, yana mamakin ƙarfin dattijo ɗan saba'in da takwas. Mawaƙan da ke can kan tudu, waɗanda rana ke dukan idonsu, suka ga an tsoma mutum, suka kece da waƙa. Na kusa kuwa wasu na ihu, wasu sun riƙe ciki, Akanisi ta zauna daɓas a cikin ruwan gaɓa don dariya.

Talatala ya ɗago shi, ya rungume shi.

"Barka, baba Ilisoni! Kai, amma jinyar nan ta karɓe ka, ka yi nauyi!"

"Ina nan, Talatala," in ji Momo daga gefe. "Ban jiƙa ko gemu ba."

Talatala ya buɗe ido, ya matso da fuskar da ke hannunsa dab da tasa, ya ga tabarau na masu harbin kifi. Ya sake shi kamar ya taɓa wuta. Da ya sake shi ya kuma ɗaga ƙafa daga kan tiyo. Waisale ya yi taga-taga, ƙafar agwagwa ta zame, ya faɗa baya inda ruwa ke da gudu. Tiyon da ke wuyansa ya fizge daga jikin gorar gaɓa ya bi shi.

"Wayyo! Ku taimaka! Ban iya ruwa ba! Ban iya ba!"

Duk ƙauyuka uku suka ji.

Momo ya riga ya juya zai koma gida, don ya ga abin da bai gane ba har ya yi yawa. Sai ga jelar tiyo ta zo wucewa ta gabansa. Bai yi shawara da kowa ba, ya cafke. Nauyin Waisale ya fizge shi, tsohon ya tafi da fuska, ruwa ya rufe shi ruf. Nei ta ƙwalla ƙara. Kafin samari su faɗo, sai ga farin kai ya ɓullo, ya kafa ƙafa, ya fara jan tiyo hannu bayan hannu kamar mai jan taru, har ya kawo ɗan ƙanwarsa inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

Momo ya tsaya yana ɗigar ruwa. Ya shafa kansa, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi kogi.

"Wai shi ke nan?" ya ce. "Abin da na shekara hamsin da takwas ina gudu ke nan?"

Sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Talatala, zo ka yi abinka tun ban huce ba. Amma ka buɗe ido wannan karon."

Akanisi ta kutso cikin ruwa da kayan cocinta, ta zare kyamarar daga hannun Waisale, wanda ke tsugune ruwa har wuya a bayan Momo yana mai da numfashi. Talatala ya faɗi kalmomin, ya kwantar da tsohon a hankali. Akanisi ta tsoma hannu ɗaya cikin ruwa ta danna sau ɗaya. Da aka ɗago Momo, Nei Merewalesi ta manta da shekarunta, ta shigo kogin da takalmanta ta rungume mijinta tana kuka, mawaƙa suka sake ɗaukar waƙar daga farko, wannan karon da gaskiyarsu.

Kowa ya fito, ban da mutum ɗaya.

"Tavale, fito mana, za a buɗe ramin gashi," in ji Akanisi.

"Ina nazarin ruwa."

"Nazarin me? Ga wandonka can ƙasa yana gadin duwatsu."

Ya rage murya. "Don girman Allah ki miƙo min sulu in ɗaura."

Ta karɓo wani zanen sulu ta tsaya a kan dutse tana kaɗa shi. Mutanen da suka fara tafiya suka dawo.

"Sai ka faɗa mana aikinka a otal."

"Akanisi, ni fa yayanki ne."

"Kaji na hucewa."

"Ina... ina kula da kayan nutso."

"Ba mu ji ba."

"Ina wanke takalman iyo a baho!"

"Kifin shak ɗin fa?"

"A jikin bangon ɗakin cin abinci yake. Zane ne."

"Me ya sa aka sallame ka?"

Waisale ya dubi sama, ya dubi jama'a. "Na faɗa bahon."

Sai da dattijon coci ya roƙi mutane su yi wa ranar Allah kara kafin dariya ta lafa. Waisale ya fito naɗe da sulu, ya rakuɓe kusa da Talatala.

"Ranka ya daɗe, to ni nawa ya karɓu? Na ji ka faɗi komai da komai."

"Sunan wani na kira, kuma ba ka zo ajin baftisma ko sau ɗaya ba. Wanka kawai ka yi, Waisale. Shi ma kana bukata."

Bayan an ci an ƙoshi, aka taru a inuwa aka buɗe hotuna. Waisale ya ɗauki sittin da huɗu. Arba'in laka ce. Goma sha tara babban ɗan yatsan ƙafar Talatala ne, ta fuskoki daban-daban. Biyar kuwa ƙofofin hancin Waisale ne da kansa, lokacin da ya juya kyamarar yana neman maɓalli.

Na ƙarshe shi ne na Akanisi. Ga Momo Ilisoni kwance cikin ruwa mai haske, farar rigarsa ta buɗe, hasken rana ya sauko a kansa tsiri-tsiri, idonsa biyu a buɗe, yana dariya, kumfa na tashi daga bakinsa. Nei ta sa bakin zane ta share ido.

"To wannan kuma mene ne a kusurwa?" in ji Talatala, yana gyara tabarau. "Kamar kabewa biyu."

Aka matso. Aka ƙara girman wurin. Mata suka rufe baki, maza suka kwanta a tabarma. Ashe Waisale ya juya baya yana laluben wandonsa da ƙafa.

"A goge! A sake ɗauka!" in ji shi.

"Sau ɗaya na ce zan shiga, na shiga sau biyu," in ji Momo. "Ba na uku. A aika mata haka."

Haka aka aika. Salanieta ta wanko shi babba, ta sa a gilashi ta aiko, amma kafin a rataye shi a zauren taron ƙauye sai da Nei ta yanko hoton wani jan fure daga tsohuwar kalanda ta manna a kusurwar. Yana nan har yau. Duk baƙon da ya tsaya kallonsa, zai ji mutum ya matso kusa da shi yana gyaran murya.

"Aikinmu ne wannan," Waisale zai ce. "Ni na shirya komai. Ina ma ciki."

In baƙo ya duba ya ce bai gan shi ba, sai ya sa yatsa a kan furen.

"Ga ni nan. Fure ma aka ba ni."